Almakashi da Bidiyon Ummanta

Ba a gida aka raɗa mata suna Almakashi ba. Masu kawo mata aiki ne suka laƙaba mata shi, kuma da farko ba don ƙauna ba ne. Sana'arta gina shafukan intanet da gyara waɗanda suka yi nauyin buɗewa. Mai shagon takalma zai hawo ofishinta yana taƙama da shafinsa, an cika shi da furanni masu juyawa, da kiɗa mai tashi ba a gayyace shi ba, da hoton shago ta gaba da ta baya, ita kuwa sai ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta ta fara yanke hukunci.

"Wannan zai tafi. Wannan ma. Wannan kuma wa ya sa maka shi? Allah ya yafe masa."

Mutum ya sauka yana ƙunƙuni kamar an yi masa fashi da rana tsaka. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo baki har kunne, ya riƙo hannun maƙwabcinsa mai sayar da labule. Haka sunan ya bi ta, ita ma ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Tun tana yarinya ba ta san haƙurin jira ba. Ita ce babba a gidansu, kuma a kujerar bayan mota ta tashi, domin Ummanta makarantar koya wa mata tuƙi gare ta, Babanta kuma makaniki ne, shi ke kula da motocin makarantar guda biyu. A wannan kujerar take yin aikin gida, 'yar koyo na fizgar mota, biro na zamewa, rubutu na haurawa sama. Da ta isa koyo Umma ta zaunar da ita a gaban sitiyari, ta kuwa iya nan da nan, amma hukuncin da Umma ta yanke mata bai taɓa canjawa ba: "Ke kam ƙafarki ba ta ga maciji da birki."

Aikinta na farko buga takardu ne a wani shagon kwamfuta. A nan ta ƙulla gaba da shafi mai nawa. Mutane sun yi layi, ita ta danna, ɗan da'irar nan yana ta juyawa a tsakiyar gilashi, kowa kuma ita yake harara kamar ita ta riƙe shafin a aljihu. Haushi ne ya sa ta fara binciken abin da ke hana shafi buɗewa, binciken ya kai ta ajin koyo na yamma, ajin ya kai ta ga ɗan ofishin da take ciki yanzu, a saman wani kemis. Tebur ɗaya ne, da kujerar baƙo wadda ƙafarta ɗaya ke neman taimakon kwali, da fanka, da taga mai kallon rumfar mai gyaran waya a tsallaken titi.

Abin da ya bambanta ta da sauran masu sana'ar shi ne ba ta yarda da abin da ta gani a kan teburinta. A can sabis mai ƙarfi ne, kwamfutar sabuwa ce, ko jaki ka ɗora a kai sai ya yi gudu. In ta gama aiki sai ta ciro wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi daga aljihun tebur, ta sauka ƙarƙashin matakala, inda mai kemis ke jibge kwalaye, inda sabis ke zuwa da ƙyar kamar an roƙe shi. A nan take buɗe shafin. In ya buɗe a nan, to ya buɗe. Mai kemis ya daɗe da daina tambayarta abin da take nema a cikin kwalayensa.

Masu shaguna da yawa sun ji labarin fulogin, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake jona wa shafi don su yi masa wani aiki, kuma sun ji an ce akwai masu ƙara sauri. Gaskiya ne akwai su, Almakashi ma tana aiki da su kullum. Wani yana matse hotuna su rage nauyi. Wani yana ajiye kwafin shafin a shirye, kamar abincin da aka riga aka zuba a kwano, baƙo na zuwa sai miƙawa. Wani kuma yana hana bidiyo da sauran kaya masu nauyi tasowa sai an taɓa su. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ji magani na da kyau ya shanye kwalbar. Ta taɓa karɓar shafin wani mai sayar da katifa da aka jera wa irin waɗannan fulogin har ba sa ƙirguwa da hannu ɗaya, wannan na matse abin da wancan ya riga ya matse, wancan na ɓoye abin da wannan ke nema. Shafin ya ƙara nauyi, maɓallin yin oda ma ya mutu murus.

"Alhaji, sauri ya haifi nawa," in ji ta. "Direba ɗaya ake sa wa mota. Kai ka zuba bakwai, kowa na jan sitiyari."

Ta cire duka ta bar ɗaya, ta saita shi da hannunta, ta sauka ƙarƙashin matakala ta dawo. Tana da tabbacin aikinta, ba ta kuma ɓoye hakan don kunya.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Akwai shafi ɗaya da almakashin bai taɓa kusanta ba, shi ne na makarantar Umma. Shi ne na farko da ta gina a rayuwarta, lokacin tana ɗanyar 'yar koyo, kuma duk laifin da take kama mutane da shi yau yana cikinsa. Babbansu wani dogon bidiyo ne da ta ɗauki Umma da waya a cikin mota, ta ɗora shi a can saman shafi yadda yake, ba matsewa ba ragi, ta kuma sa shi ya riƙa tashi da kansa. Kafin ya gama saukowa mai kallo ya isa ya sha ruwa ya dawo. Kullum tana cewa za ta gyara, kullum aikin mutane na gaba. Sai Umma ta kwanta ciwo, ciwon bai ja ba, Allah ya karɓi abarsa. Daga ranar Almakashi ba ta ƙara buɗe shafin ba. Ba mantuwa ba ce. Tsoro take ji ta ga Umma tana motsi tana magana, ta san zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Anti, ƙanwar Umma, ita ta karɓi koyarwa. Wata rana da hantsi ta hawo ofis tana haki, ta ƙi zama a kujerar baƙo don ta san halinta.

"Ke, kina gyara wa duniya, na gidanku ya gagare ki? Mata sai kira suke suna cewa shafinmu ba ya buɗewa, data kawai yake sha. Wasu ma ba sa kira, gaba suke yi. Mota ɗaya tana nan a ajiye, Babanki ne kawai ke tayar da ita don kada batir ya kwanta. In aka ci gaba a haka rufe makarantar nan za mu yi, ina gaya miki."

"Anti, ki kwantar da hankalinki. Kafin ki isa gida an gama."

Ta kuwa cika alkawari. Ta shiga ta bayan shafin, inda ake saiti ba a ganin hoto, ta jona fulogin ɗin da ta fi amincewa da shi. Ta ce ya matse hotuna, ya ajiye kwafi, ya haɗe ƙananan umarnin shafin wuri ɗaya, ya kuma riƙe bidiyo kada ya taso sai an taɓa. Ta auna da ma'aunin sauri, ya nuna kore shar. Hannunta ya kai ga aljihun tebur inda tsohuwar waya take, sai ta janye shi. Sauka ƙarƙashin matakala na nufin buɗe shafin da idonta, ta kuma danna bidiyon ta ga ko yana tashi. Ta ce wa ranta ai kore ba ya ƙarya, alhali ita ce ke gaya wa mutane kullum cewa yana yi.

Aiki ya yi kyau. Waya ta fara ƙara a makaranta, mota ta biyu ta koma kan titi, Anti ta aiko da saƙon murya mai tsawo cike da sa albarka. Almakashi ta ɗauka magana ta ƙare.

Mai gyaran waya ne ya tsayar da ita wata safiya tana shirin hawa bene. Ya ɗago daga kan wata waya da ya farke, ya tura gilashin idonsa goshi.

"Hajiya, don Allah ki yi wa Babanki magana. Zuwansa nan ya fi a ƙirga. Ya ce wayarsa ta lalace, na duba ciki da waje, lafiyarta ƙalau. Na goge, na sabunta, har batir na canja masa don dai hankalinsa ya kwanta. Jiya cewa ya yi in nemo masa wata."

"Me ya ce tana yi?"

"Wai akwai bidiyon da yake kallo a shafinku, yanzu sai wani akwati mai ruwan toka yake gani. Ya danna ya danna, shiru. Na ce masa ai 'yarka ce gwanar wannan, ga ofishinta can. Ya ce a'a, kina da aiki, kada a dame ki."

Ba ta hau benen ba, ta tari abin hawa ta nufi makaranta.

Ta tarar da Baba a filin makarantar, rabinsa a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya ji sallamarta ya turo kansa waje, ya zauna a kan taya yana goge hannu da tsumma. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, lafiya da safiyar nan?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, wayarka ba ta lalace ba. Ni ce na taɓa shafin."

Ya dubi tsumman. "To. Na yi zaton haka, sai na ce ƙila dai wayar ce, ta tsufa."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Antinki ta ce tun da kika gyara mata ke ta zuwa. Zan zo in ce a mayar da abin da ya hana su zuwa?" Ya ninke tsumman ya ajiye a gwiwa. "Ba wani abu ba ne. In na buɗe ƙofa da safe, kafin in duba mai da ruwa, nakan buɗe in gan ta. Shi ke nan."

"Baba, ai sai in sa maka bidiyon a cikin wayarka. Ko babu sabis za ka kalla, duk lokacin da ka so."

"Na sani, ana yi." Ya girgiza kai a hankali. "Amma ba ajiya nake so in yi da ita ba. Can ɗin wurin aikinta ne. Duk macen da ta zo koyon mota da tsoro take zuwa, wata mijinta ya gama gaya mata ba za ta iya ba, wata 'ya'yanta na yi mata dariya. Ummanki ce ke tarbarsu tun daga ƙofa. Ni in na buɗe na gan ta a can, sai in ji har yanzu tana bakin aikinta." Ya ɗan yi murmushi. "Amma in ita ce ke nauyaya abin, a bar shi yadda kika yi. Makarantar ta fi. Ita ma haka za ta ce."

Da faɗa ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Tausayinsa ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta, domin ta san ba fulogin ne ya ɓoye Umma ba, ita ce ta ba shi umarni ta kuma kau da kai. Amma Almakashi ba mai tsayawa jimami ba ce in akwai abin yi. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"Ba za a zaɓi ɗaya ba, Baba. Shafin zai yi sauri, Umma kuma za ta koma wurinta. In ban iya wannan ba gara in rufe ofis in zo in riƙa miƙo maka sifana."

"Allah ya kiyaye," in ji shi. "Ke da ba ki san lamba goma da sha biyu ba."

Tana isa ofis ta ɗauki tsohuwar waya ta sauka ƙarƙashin matakala. Shafin ya buɗe kan ka ce kwabo, ga akwatin toka a sama. Ta danna, ko motsi. Ta hau ta gwada a kwamfuta ba tare da ta bari ya fara ba, ta ga alamar yana shirin tashi. Nan ta gano inda gizo ke saƙar. Fulogin ɗin ya riƙe bidiyon, ya kuma cusa umarnin da ke tayar da shi cikin sauran da ya haɗe. Sababbin wayoyi na iya warware ƙullin, tsofaffi irin ta Baba ba sa iyawa. Kuma yawancin matan da ke neman makarantar irin wayar Baba gare su. Suna samun lambar waya da adireshi cikin sauri, amma babu wadda ta ga Umma.

Cire fulogin ɗin ba mafita ba ce, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Aikin hannu ake bukata. A zaɓi hoto ɗaya daga cikin bidiyon, mara nauyi, a sa shi ya riga komai fitowa. A matse bidiyon kansa ya zama daidai cikin tsohuwar waya, ya jira a bayan hoton sai an taɓa. Sannan a gaya wa fulogin ya ci gaba da aikinsa ko'ina amma ya ɗauke hannunsa daga wannan wuri. Ta yi wa mutane irin wannan ba adadi. Sai dai ba a zaɓar hoto da ido a rufe, dole ta kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, ta tsayar, ta koma baya, ta sake tsayarwa.

Ta rufe ƙofar ofis, ta kashe fanka don ta ji sosai, ta danna.

Ga Umma a kujerar direba, rana na dukan gefen fuskarta, tana gyara madubi. Ba ta ma san an fara ba.

"Kin fara ɗauka ne? Tsaya mana in gyara mayafina."

Sai wata murya daga bayan waya, muryar yarinya mai ji da kanta: "Umma, don Allah ki yi sauri, caji zai ƙare."

"Sauri, sauri. Ina za ki ne?" Umma ta yi dariya har kafaɗunta na rawa. Ta gama gyaran mayafinta a tsanake, ta dafa sitiyari, sannan ta juyo ta dubi mai kallo ido cikin ido. "Sannu da zuwa, 'yar'uwa. In tsoro kike ji, ba komai, ni ma da shi na fara. Ki zo mu zauna, ba inda za mu sai kin shirya."

Almakashi ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ta daɗe tana bin kanta bashinsa. Ta yi kewar Umma, kewa mai zafi, ta kuma ji daɗin jin muryarta fiye da yadda ta zata. Da ta share fuska ta koma farko ta sake kallo, wannan karon da idon sana'a.

Idon sana'a ya ce a yanke farkon nan, gyaran mayafi da faɗan caji ba su da amfani ga mai neman makaranta. Da shafin mai takalma ne da tuni ya tafi. Ta ɗora alamar yanka a wurin, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauke. Ta matse bidiyon gaba ɗayansa, ta sake matsewa, tana dubawa kada fuskar ta dushe, har ya yi sauƙin da take so ba tare da ta cire ko numfashi ɗaya ba. Hoton kuwa ta ɗauko shi daga daidai inda Umma ta juyo, dariya ba ta gama barin fuskarta ba. Ma'aunin sauri ya ɗan sauko daga inda yake, ko a jikinta. Ta sauka ƙarƙashin matakala ta buɗe, ta rufe, ta goge, ta sake buɗewa, ta danna, ya tashi. Mai kemis ya leƙo ya ga idanunta, ya koma ciki.

Washegari ta riga Baba isa makaranta. Ya zo da makullai a hannu, ya gan ta tsaye a bakin ƙofa. Ya buɗe ƙofar, ya rataye hularsa a ƙusa, ya zauna a kan bencin da 'yan koyo ke jira. Sannan ya ciro wayar, ya riƙe ta nesa da ido yadda ya saba, ya danna shafin da babban yatsa, ya gyara zama irin na wanda ya san akwai jira a gabansa.

Bai gama gyara zaman ba fuskar ta bayyana.

Ya ɗan zabura. Ya dubi wayar, ya dubi 'yarsa, ya sake duban wayar.

"Ikon Allah. Tun muna da ƙuruciya nake zaman jiran matar nan ta gama shiri. Sai yau ta riga ni fitowa."

Almakashi ta yi dariya, hawaye na zuba, ta zauna kusa da shi ta nuna masa inda zai taɓa. Ya taɓa. Muryar Umma ta cika ɗan filin, tana cewa a tsaya ta gyara mayafinta, su biyun kuma suka zauna suna jiranta.